Tambayi Tanti: za mu fita waje da ƙaramin yaro a bakansi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun watan nan kusan duk kan abu guda suke, bakansi na tafe, mutane na son fita waje da iyali. Na zaɓi huɗu, ta farkon ce zan fi daɗewa a kai don amsarta ta shafi kowa.

Tanti ina wuni, ya gida ya iyali. Ni ɗan kasuwa ne nan Maradi, unguwar Zariya nake. Tun da muka yi aure ban taɓa fita da maiɗakina ko'ina ba in ba Kano ba, to bana Allah ya ɗan buɗa, na yi niyya mu fita waje ni da ita da yaronmu ɗan shekara 3, kamar sati biyu cikin watan Agusta. Ita Dubai take so saboda abin da take gani a TikTok, abokaina kuma wasu na cewa Turkiyya wasu Maroko. Ni ina da fasfo, ita da yaron ba su da shi, amma wani ya ce min yaro ƙarami cikin na uwarsa ake rubuta shi. Dan Allah daga ina zan fara? In sayi biyen jirgi tun yanzu kafin ya yi tsada?

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka. Wallahi na ji daɗin niyyar nan taka, don ba kowane magidanci ke tuna cewa wadda ke zaune gida da yaro ita ma tana son ganin duniya ba. Amma kar ka sayi biye yanzu. Biye shi ne na ƙarshe. A tafiyar nan yaron ne madugu, takardunsa da lafiyarsa da ƙarfin jikinsa su ne za su ce ga inda za ku je, ga lokacin, ga kuma kwana nawa.

Wanda ya ce maka ana rubuta yaro cikin fasfon uwarsa tsohon zance ya ba ka, da can an yi haka, yanzu ko jinjirin wata guda ne sai da fasfonsa shi kaɗai da hotonsa a ciki. To shi fasfon ba ya samuwa sai da takardar haihuwa da takardar ɗan ƙasa da ake karɓa a kotu da hotuna da izinin iyaye, kuma a nan ne mutanenmu suka fi makalewa, sai an zo neman fasfo a tarar ba a taɓa karɓo takardar haihuwar yaron daga ma'aikatar magajin gari ba, ko ta uwar ta ɓace tun tana ƴar lakkwal, in haka ta faru sai an bi ta kotu alƙali ya ba da hukuncin da zai maye gurbinta, wannan kuwa ba aikin kwana biyu ba ne. Yau ɗin nan da ka karanta amsar ga, ka sa maiɗakinka ta fiddo takardun duka ku shimfiɗa su ku duba suna harafi bayan harafi. Ka san yadda rubutun sunayenmu yake a faransanci, takarda guda a rubuta Aboubacar wata a rubuta Boubacar, ko a juya ranar haihuwa. A gida ba wanda ya damu, amma a filin jirgi in sunan da ke kan biye ya saɓa da na fasfo suna iya hana ku hawa, gyaran kuma da kuɗi. Naka fasfon ma ka buɗe ka duba, shekara 5 yake yi, kuma ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai da sauran wata 6 a gaba.

Sai fasfo uku sun zo hannu, in akwai biza an buga, sannan a yi maganar biye. Na san za ka ce zai ƙara tsada, gaskiya ne yana iya ƙarawa, amma ƙarin bai kai asarar biye uku da aka saya takarda ba ta fito ba.

Yanzu ina za a je. Ka gaya wa ɗiyata ta yi haƙuri da Dubai a Agusta. Garin na da kyau ba musu, sai dai a watannin Yuli da Agusta zafinsa ya wuce digiri 40, ga gumin teku a kai wanda mu nan ba mu saba da shi ba, namu zafin na Afrilu busasshe ne. Wato za ku bar Maradi daidai lokacin da damina ta sanyaya gari, ku biya biza ku biya jirgi, ku je ku wuni cikin manyan kantuna ƙarƙashin kilim don yaro ba zai iya taka waje da rana ba. Hotunan da take gani yawanci na Disamba zuwa Fabrairu ne, in Dubai ɗin take so a ajiye shi zuwa lokacin. Turkiyya yanayinta ya fi daɗi, Istanbul da wuya ta wuce digiri 30 sosai, amma sai da biza, tafiyar jirgin doguwa ce, garin kuma tudu da gangare ne ga cunkoson baƙi a Agusta, mai ɗan shekara 3 zai sha goyo da saɓa yaro a kafaɗa. Turai kam ban ba ka shawara ba a fitar farko, tun da Air France ta daina sauka Yamai a 2023 kuma ofishin jakadancin Faransa ya rufe a Janairun 2024 neman bizar can ya ƙara wuya.

Ni in ka bi tawa, Maroko, amma bakin teku. Mai fasfon Nijar na shiga ba biza har kwana 90, sai dai lokacin gasar kofin Afirka ta ƙarshen 2025 sun sa ana cike wani izini ta intanet kafin a taso, saboda haka ranar sayen biye ka tambayi kamfanin jirgin me ake nema a lokacin. Royal Air Maroc na tashi daga Yamai kai tsaye zuwa Kasablanka, wajen awa uku da rabi, ba sauka ba canjin jirgi, wannan kaɗai babban abu ne ga mai yaro. Ana jin faransanci, abinci halal ne ba sai ka tsaya tambaya ba, masallaci kowace unguwa. Kasablanka da Rabat a Agusta zafinsu na tsayawa wajen digiri 26 zuwa 28, da dare har sai an sa wa yaro riga mai ɗan kauri. Amma kar wani ya ja ku Marakesh ko Fes don sun fi suna, can cikin ƙasa ne, zafinsu na kusantar 40. Ku yi masauki wuri guda, daga nan ku riƙa ɗan fita: jirgin ƙasa daga Kasablanka zuwa Rabat kamar awa guda ne, kuma yaron da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba hawan kawai ya ishe shi murna, a Rabat akwai babban gidan namun daji, a Kasablanka ga masallacin Hasan na biyu da aka buɗe a 1993, wani sashensa a kan ruwan teku yake. In da sauran ƙarfi akwai jirgin ƙasa mai gudu, Al Boraq, da ya fara aiki a 2018, awa biyu da ƴan mintoci ya kai ku Tanja.

Wani abu kuma da ba ka lura da shi ba, yaronka bai shiga lakkwal ɗin da za ta ɗaure ku ba, ko da ya shiga ma sai Oktoba ake komawa. Agusta shi ne lokacin da ƴan Maroko mazauna Turai ke tururuwar komawa gida hutu, masauki da jirgi duk su hau. In ka matsa zuwa Satumba, musamman bayan satin farko, gari ya rage cika, kuɗi ya sauka, kai kuma ka samu ƙarin lokacin neman takardu.

In ka lissafa ka ga Maroko ta yi nauyi, Lome ko Abijan ba abin rainawa ba ne. Agusta lokacin sanyinsu ne, kuɗinmu na sefa shi suke kashewa ba ruwanka da ƴan canji, a Lome in ka shiga Agoe Zongo Hausa za ka yi ta ji. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanenmu su shiga ba biza har sai ta sake sanarwa, duk da haka da fasfo za ku tafi, kar ka dogara da katin ɗan ƙasa. Kuma tekun can kallonsa ake yi daga nesa, igiyarsa na jan babban mutum ma balle yaro.

Maganar lafiya ita ce na fi so ka nutsu ka ji. Na farko katin rigakafi mai ruwan ɗorawa na ƙasa da ƙasa, shi ne shaidar allurar cutar shawara. Ana yi wa yaranmu allurar a wata 9 tare da ta ƙyanda, to ka duba karnen awon yaron, wato littafinsa na asibiti, ka gani ko an yi, in an yi sai a kai a juya ta kan katin tafiya, don karnen awo ba shi ake nunawa a filin jirgi ba. Wanda ba a taɓa yi wa ba, kamar wataƙila maiɗakinka, sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, amma tun 2016 sau ɗaya ake yi ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Kuma dan Allah a yi allurar da gaske, kar a sayi kati a cike, wanda ya yi haka ɗansa ya cuta.

Na biyu palu. Za ku taso ne tsakiyar damina, lokacin da sauro ya fi yawa a Maradi, kuma zazzaɓin cizon sauro na iya kwanciya a jiki sati guda zuwa biyu kafin ya bayyana, wato sauron gidanku na Zariya ya ciji yaro, zazzaɓin ya tashi kuna Kasablanka. Ita kuwa Maroko tun 2010 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar ba palu a ƙasar, likitan can ba lallai tunaninsa ya fara zuwa kansa ba, yana iya cewa mura ce ya ba ku siro. Saboda haka duk lokacin da jikin yaron ya yi zafi, ku tafi asibiti a ranar, kuma kalmar farko da za ta fito bakinka ita ce daga Nijar muke, a yi masa gwajin palu. Kar ka ji nauyin maimaitawa. Sannan maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata cikin damina, wanda ake sha kwana uku, ku tambayi asibitin unguwarku ranar zagayen don kar tafiya ta sa ya tsallake. Kafin tashi da kamar sati biyu ku kai shi likita ya duba shi, ya rubuta muku abin da za ku riƙe: siron parasetamol daidai nauyinsa, ma'aunin zafin jiki, gishirin zawo na SRO da zinc, don sauyin ruwa da abinci na kawo gudawa. Ku tafi da takardar likitan tare da maganin. Inshorar lafiya ta tafiya ma ka saya ko ba a tambaye ka ba, kuɗinta kaɗan ne in ka gwada da kwana guda a kilinik a ƙasar mutane.

Sai hanya. Mutanen Yamai in sun ce tafiya daga filin jirgi suke fara lissafi, mu kuwa tamu tun daga tasha take farawa. Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 650, Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, a bas wuni guda ne cur, kuma damina ce, ba mu manta Agustan 2024 ba da ruwa ya yanke hanyar shiga Yamai motoci suka yi ta jira. Kar ka kuskura ka haɗa ranar mota da ranar jirgi. Ku isa Yamai da kwana biyu a gaba, yaro ya yi barci ya warware, balle jiragen nan sau da yawa tsakar dare ko da asuba suke tashi. Wasu ƴan kasuwarmu sun fi son bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina su hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, ya fi kusa ba shakka, kuma ga mai zuwa Masar ko Saudiyya yana da ma'ana, amma da iyali sai da rana tsaka saboda halin tsaron yankin, kuma a tsaya a iyaka a buga wa kowane fasfo hatimi, kar a bi yadda aka saba shiga Katsina cin kasuwa ba takarda, don a filin jirgi za a nemi shaidar yadda kuka shigo.

Kuɗi kuma, ɗan shekara 3 kujerarsa daban, yawanci wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗin babba ake biya masa, ka sa shi a lissafi tun farko. Sefa ba ta canzuwa da sauƙi a Maroko, ka riƙe yuro, ita farashinta da sefa a tsaye yake, yuro guda sefa 656 in an cike, can sai ka mai da ita dirhami. In kana da katin banki ka je ka shaida musu za ka fita don kar su toshe shi. Kuma ka ware kuɗin tsaraba daban tun daga gida, ka rubuta sunayen waɗanda za a yi wa, in ba haka ba kwana ukun ƙarshe duk a kasuwa za su ƙare, yaro na kuka ana ja, akwati ya wuce kilo 23 a caje ku.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ka ɗana. Ka nemi gida mai kicin maimakon ɗakin otel, ku tafi da garin kunun da ya saba, don yaro na iya ƙin abincin baƙon wuri kwana biyu ko uku, in akwai inda uwarsa za ta dama masa ta dafa ƴar shinkafa hankalin kowa zai kwanta. Fita guda a rana ta isa, da safe ko da la'asar, tsakar rana a bar shi ya yi barcinsa. Ka rubuta sunan masaukinku da lambar wayarka a ƴar takarda ka sa masa a aljihu duk fita. Kuma ka tuna can ba kaka ba ƙanwa ba ƴar maƙwabta da za ta karɓe shi, ku biyu ne kawai, in ka bar mata wanka da ciyarwa da goyo duka ita kaɗai to kai ne ka yi hutu, ita aikin gida ta canza wa wuri. Ka riƙa ɗaukarsa kuna fita ku biyu ko na awa guda ne ta samu ta miƙe.

Tanti barka da aiki. Maigidana na Abijan yana sana'a, ya ce mu zo mu yi wata biyu ni da ɗiyarmu, yanzu shekararta guda da wata 11. Ban taɓa hawa jirgi ba, ina tunanin ko mu bi mota don ta fi araha. Kuma wata maƙwabciyata ta ce in ba ta siron mura kafin mu hau don ta yi barci kar ta dami mutane. Daga wata ɗiyarki a Ali Ɗan Sofo.

Ɗiyata, siron nan kar ki ba ta. Magungunan da ke sa barci ba a ba ƴan ƙasa da shekara 2 su sai da umarnin likita, suna iya danne numfashi, wasu yaran kuma maimakon barci sai su birkice su fi da rigima. Kukan yaro a jirgi ba abin kunya ba ne, yawanci kunne ne ke toshe musu lokacin tashi da lokacin sauka, maganinsa haɗiya, in tana shan nono ki ba ta a daidai lokutan nan biyu, in an yaye ta ki ba ta ruwa ko wani abin tsotsa. Ma'aikatan jirgi za su ba ki ƙaramin bel da ake haɗawa da naki. Abincinta da madararta ana barin uwa ta shiga da su ko sun wuce ƙa'idar ruwan da ake hana manya, ki dai fiddo su ki nuna a wurin bincike. Ki sa kush da kayan canji kala biyu da zane mai kauri a jakar hannu, har ke ma ki saka rigar canji guda, jirgi da sanyi.

Mota kam a'a. Kwanaki ake yi a hanya, kuma hanyoyin da ke ratsa Burkina kin san halin da suke ciki, ba inda mace ita kaɗai da goyo za ta bi ba ne don ragin kuɗi. Air Côte d'Ivoire da Asky duk suna haɗa Yamai da Abijan, ku zaɓi wanda bai da doguwar jira a hanya.

Ga abu biyu da za ki gaya wa maigidan tun yau. Na ɗaya, yaron da bai cika shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya, amma ɗiyarki za ta cika 2 kuna can, wato a dawowa dole sai da kujerarta. Ya faɗa wa mai sayar da biye ranar haihuwarta tun farko a lissafa, kar sai ranar komowa a tsayar da ku. Na biyu, tunda ba tare da ubanta za ku fita ba, ƴan sandan filin jirgi na iya neman izininsa a rubuce, saboda yaƙin da ake yi da safarar yara. Ya rubuta takardar izini da sunanta da naki da lambobin fasfo, ya kai a buga mata hatimin hukuma can Abijan ko a ofishin jakadancinmu, ya aiko miki da ta ainihi tare da kwafin katinsa, hoton WhatsApp ba ya wadatarwa. Ki haɗa da takardar haihuwarta da ta aurenku. Katin allurar shawara kuma ku duka biyu, Kodibuwa ba ta wasa da shi, tun kafin a duba fasfo ake tambayarsa. Can ma akwai sauro, ki tafi da gidan sauronku.

Tanti, ɗana shekararsa 4 kuma yana da amosanin jini. Ƴan uwa na cewa mai irin ciwon nan ba ya hawa jirgi. Gaskiya ne? Muna son zuwa wurin yayata a Tunis.

Allah ya ba shi lafiya ya ƙara miki haƙuri, na san abin da iyayen masu sikila ke sha. Suna hawa jirgi, da yawa ma, amma ba a yi sai da shiri kuma likitansa ne mai maganar ƙarshe. Dalilin tsoron shi ne iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, kamar mutum ya hau dutse mai tsawon mita 2000 ne, ga bushewa ga sanyi, waɗannan ukun kuwa su ne masu tayar da ciwon. To ki kai shi a auna jininsa kafin a sayi biye, tunda ta Yamai za ku bi akwai cibiyar masu amosanin jini ta ƙasa a can, ki nemi ganinsu. In ciwon ya tashi masa kwanan nan a ɗaga tafiyar, ƙa'idar da likitocin jirage ke bi ita ce a bar aƙalla kwana 10 bayan ya lafa. Likita ya rubuta miki takarda da faransanci mai nuna nau'in jininsa da magungunan da yake sha, magungunan kuma a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a jefa ƙasan jirgi ba.

A cikin jirgi ki yi ta ba shi ruwa ko bai tambaya ba, tun daga jajibiri ma, ki sa masa safa da rigar sanyi, ki riƙa tashi da shi yana ɗan takawa. Tunis da zafi a Yuli da Agusta, a kiyaye shi da rana tsaka, kuma kar a fito da shi daga zafi a tsunduma cikin ruwa mai sanyi ko ɗaki mai kilim sosai. Ki ce wa yayarki tun kafin ku iso ta gano asibitin yara mafi kusa da gidanta. Zafin jiki ya kai 38, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama sama, ko ya yi fari fat, ba a jiran gari ya waye.

Tanti ni da uwargida muna son yin Umra cikin bakansi da jaririnmu ɗan wata 7, mun ji an ce lokacin ya fi araha.

Allah ya karɓi niyya Alhaji. Arahar tana da dalili, Makka da Madina a Yuli da Agusta zafinsu na haura digiri 40 kusan kullum, jariri kuwa ruwan jikinsa na ƙarewa da sauri kuma ba ya iya cewa ƙishi yake ji, ga cunkoso ga tari da mura da ake ɗauka cikin taro. Bai ma kai wata 9 ɗin da ake yin allurar ƙyanda da ta shawara ba. Shawarata ku jinkirta zuwa Disamba ko Janairu, lokacin gari ya yi sanyi, shi kuma ya shekara ya samu alluransa. Kafin nan ku nema masa fasfonsa, don shi ma sai da bizarsa, ku kuma ku yi allurar sanƙarau da Saudiyya ke nema aƙalla kwana 10 kafin tashi, a ɗiga na shan inna, a rubuta duka a kati.

In kuma uzuri ya sa dole sai yanzu, ku kama masauki mafi kusa da Harami da aljihunku zai iya, ku yi ɗawafi da sa'ayi bayan isha'i ko kafin asuba, ku riƙa karɓa karɓa, ɗaya ya shiga ɗaya ya zauna da shi a ɗaki. Uwar ta yawaita shan ruwa ta yawaita ba shi nono, kuma ku riƙa lura da kush ɗinsa, in ya wuce awa shida a bushe ko maɗigarsa ta faɗa, asibiti za ku nufa nan take.